Yaya, ga bayanin jirgin da ka gani a hoto

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya. Ya sanyin Jos, ya su Inna da yara? Tun ranar da na sa hoton kifin nan kake tambayata kuɗin jirgin, har ka ce in duba ko za a auno maka ɗaya ka riƙa shiga dam ɗin Lamingo da shi. Bari in warware maka zancen, tunda wasu 'yan unguwa ma sun yi irin tambayar.

Sunansa kayak. Asalinsa na Inuwit ne, mutanen can ƙuryar arewa inda ƙanƙara ta yi gida, waɗanda kan lulluɓe katako ko ƙashi da fatar dabbar ruwa su fita farauta. Na yanzu roba ce mai kauri, irin ta tankin ruwa. Akwai wanda ake zama a kai, akwai wanda ake shiga ciki. Nawa na ciki ne. Rami ne a tsakiya, ka zura ƙafafunka gaba ƙarƙashin rufin, ka zauna kusan daidai da saman ruwa. Tsawonsa ƙafa 10, nauyinsa kusan kilo 20, ni kaɗai nake ɗora shi saman mota. Filafilin baki biyu gare shi, ka tsoma dama ka tsoma hagu.

A nan jihar Minnesota ta Amurka ruwa ba ya ƙarewa, tafkunan da hukuma ta ƙirga 11,842 ne. Sai dai da hunturu duk suna daskarewa, kuma ko a watan Mayu da ake buɗe kamun walleye, kifin da jihar ke alfahari da shi, ruwan na yanka hannu kamar reza. Shi ya sa na zaɓi na ciki, domin iska ba ta taɓa ƙafa. Da asuba in na shige cikin ciyayin gefe, babu ƙarar inji, har kifi kan wuce ta ƙarƙashina ina kallon bayansa. Na sa tana a ƙugiya na jefa fatsa, sai in ɗora sandar a cinya in jira. Wurin ƙunci gare shi ƙwarai. Akwatin ƙugiyoyi tsakanin gwiwoyi yake zama, ba ka miƙewa tsaye, ba ka juyawa da gaggawa.

Batun kaya kuwa, gaskiya mutanen nan sun yi mana nisa. Shago guda kamar Cabela's za ka samu komai, daga zare zuwa tana mai rai a firji. Ni na hannu na saya a Facebook, dala 250 har da filafili. Kafin nan sai da na yi haya na yini na gwada, kuma in ka sayi sabon kaya bai yi maka ba, yawancin shaguna suna karɓa su mayar maka da kuɗinka. Lasin kamun kifi a waya na biya. Duk wanda ya kai shekara 16 sai da shi, an kuma ƙayyade adadin da za ka tafi da shi gida. Kuɗin ba ya ɓacewa, kana ganinsa a mashigar ruwa da aka gyara da 'ya'yan kifin da ake zubawa a tafkuna. Nakan tuna gonar kifi ta Panyam, in ji zuciyata ta yi nauyi, don mu ma an taɓa ɗora mu a kan wannan hanya.

Amma gyara, can gida ya fi su. Ƙasan jirgina ya tsage a kan dutse, kuma irin wannan roba gam ba ya kama ta, sai an narka an liƙe. Wani shago ya yanka min kuɗin da ya kusa rabin na jirgin, ya ce kuma sai bayan sati uku. Da a kasuwar Katako ta Jos ne, mai liƙin bokiti zai gasa ƙarfe ya gama kafin in sha ruwa. Haka na sayo abin narkawa na yi da kaina.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto, Yaya. Ba na so ka sayi na ciki. Bara wani kifi mai haƙora da suke kira pike ya fizgi zarena ta gefe, na karkata in riƙe, ban ankara ba sai ga ni cikin ruwa. Jirgin ya kife ya cika. Na ciki in ya sha ruwa, komawa cikinsa a tsakiyar tafki aiki ne ja, sai an kwashe ruwan da famfon hannu. Rigar ceton da ke jikina ce ta riƙe ni har na ja shi gaɓa, jikina na ɓari. Doka ce a nan kowa ya kasance da rigarsa a jirgi. To ka tuna kududdufan haƙar kuza na wajen Rayfield da Bukuru, yadda bakinsu ke gangarawa tsaye, ga zurfi ga sanyi, ga yaran da muka sha jin sun tafi a ciki. Kuma na san ka, ba za ka hana yara hawa ba.

In dai sai ka yi, na zama a kai za ka nema, shi ko ya kife ba ya cika, ka birkice shi ka hau. Kuɗin aunowa ma zai iya fin kuɗin jirgin, don haka ka fara tambaya a Abuja wajen masu jiragen tafkin Jabi. Ni dai riguna huɗu na saya, zan ba mai zuwa gida kafin babbar salla. Ka auna min ƙirjin yaran da nauyin kowannensu ka turo, don da nauyi ake zaɓen ta yara. A gaida Inna, a ce mata ina nan lafiya.