Alpine ta 1972 ko Porsche 930: wacce za ka fara da ita?

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, rashin wuta ne ya hana ni amsawa sai yanzu. Ka ce ka tara kuɗin gem a Gran Turismo 7, wasan tseren motoci na PlayStation, kana so ka shiga harkar motocin da injinsu ke baya, kuma idonka na kan guda biyu: Alpine A110 ta 1972 da Porsche 911 Turbo ta 1981, wadda aka fi sani da 930. Ka ce ka gwada 930 a gidan abokinka a Gwammaja, kwana uku ka sha, sau uku ta yi katantanwa da kai. Kana son sanin wacce za ka saya, da kuma saitin da zai hana wannan abin kunya.

Alpine za ka fara saya. Na san ranka 930 yake so, kuma za ka mallake ta, amma ba yanzu ba.

Babu Bakanon da bai taɓa hawa abin hawa mai inji a baya ba. Adaidaita sahun da ya kai ka Kantin Kwari, in ƙirar Bajaj ne, duba jikinsa za ka ga an rubuta RE. Haruffan nan biyu ma'anarsu inji a baya, ga shi nan ta ƙarƙashin kujerar fasinja. To haka Alpine da 930 suke, har ma sun zarce, domin injinsu ya wuce tayoyin baya, yana rataye can ƙarshen mota. Wajen kashi 60 cikin ɗari na nauyinsu a baya yake. Ka ɗauki guduma ka jefa ta da ƙota a gaba, kafin ta faɗi ƙasa kan ya juyo ya wuce. Abin da ya same ka a Gwammaja ke nan. Ka shiga kwana da gudu, gabanka ya faɗi, ka saki totur. Nauyin mota ya ruga gaba, tayoyin baya suka yi sakayau, injin kuwa bai san an fasa tafiya ba, ya ci gaba da hanyarsa ya ja bayan motar ya zagayo da shi.

Wannan hali dukkansu biyu suna da shi. Inda suka rabu shi ne a wane gudu abin ke faruwa, da kuma ko motar tana yi maka sallama kafin ta juya.

Alpine 'yar Faransa ce, a garin Dieppe aka ƙera ta. Bodinta na faiba ne, nauyinta kilo 700 da 'yan kai, injinta na Renault mai silinda 4, lita 1.6, ƙarfin doki bai kai 140 ba, giya 5. Ita kuwa 930 Bajamushiya ce, silinda 6 a kwance, lita 3.3, iska ke sanyaya injin babu lagireto, ƙarfin doki 300, nauyi wajen kilo 1,300, giya 4 kacal. Sai a 1989, shekararta ta ƙarshe, aka ba ta giya ta biyar. Kusan ninki biyu ke nan a nauyi, sama da ninki biyu a ƙarfi.

A bakin kwana, Alpine ta fi rawar kai. Tsakanin tayar gaba da ta baya mita 2.1 ne kawai, don haka ko atishawa ka yi a kan sitiyari za ta amsa. In ka saki totur a tsakiyar kwana, nan take bayanta zai fara fita. Sai dai yana fita ne a gudun da idonka ke iya bi, kuma da yake ba ta da nauyi, ɗan juya sitiyari ta inda ta zame da ɗan taɓa totur sun isa su dawo da ita. Za ta ba ka tsoro sau goma a zagaye ɗaya, ta yafe maka sau tara. A nan hannunka ke koyon abin da babu wanda zai iya koya maka da baki: cewa idan baya ya fara zamewa, maganin ba birki ba ne, ƙara mata wuta ne kaɗan domin nauyi ya koma kan tayoyin baya. Hankali ba ya yarda da wannan da farko. Sai yatsa ya yi ta maimaitawa har ya daina neman izinin ƙwaƙwalwa.

Ita 930 a bakin kwana shiru take yi, kuma shirun nan ne tarkon. Tayoyinta na baya sun fi na gaba faɗi, tana riƙe kwalta da kyau, sai ka ɗauka ai wannan ta fi Alpine natsuwa. Da farko ma abin da za ka ji shi ne hancinta na ƙin shiga kwana, yana turawa waje, saboda gaban babu nauyi. Kai kuma ganin kana nufar ciyawa sai ka saki totur gaba ɗaya don hancin ya shigo. Zai shigo kuwa, tare da duk abin da ke bayansa. Kilo 1,300 in ya fara juyawa a gudun kilomita 140, ba a roƙonsa.

Wannan rabin matsalarta ne. Sauran rabin yana wajen fita. Turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, ɗaya ne babba a jikinta, irin na da, wanda ba ya farkawa da wuri. Ƙasa da juyi 3,000 a minti motar kamar mai azumi take, ka danna totur har ƙasa babu labari. Da allura ta doshi 4,000 sai ƙarfin ya zo a dunƙule. In lokacin sitiyarinka bai miƙe ba, shi ke nan. Ga giya 4 dogaye, wato a ƙaramar kwana giya ta biyu ta yi maka tsawo, injin ya faɗo ƙasa da inda turbo ke aiki, ka yi ta dannawa cikin haushi, sannan ya tashi daidai inda ba ka so. Ba banza ba aka yi mata laƙabi da mai sa mata takaba. Alpine ba ta da wannan munafunci: abin da yatsanka ya nema shi injin ke bayarwa, a lokacin da ya nema.

Kar ka ɗauka inji a baya aibi ne zalla. Gasar Monte Carlo, wadda ake yi cikin ƙanƙara a kan duwatsu, Porsche 911 ce ta cinye ta a 1968, 1969 da 1970. A 1971 Alpine ta karɓe, Ove Andersson na tuƙi, ta sake ɗaukar na ɗaya da na biyu da na uku a 1973, shekarar da ta zama zakarar farko ta gasar rali ta duniya. Dalili shi ne nauyin da ke danne tayoyin da ke tura mota. Wajen fita daga kwana, mai inji a gaba yana nan tayarsa na kartar ƙasa, kai ka tafi. Wajen birki a miƙe ma haka, domin nauyin da ya taho gaba yana daidaita motar ne, tayoyi huɗu duka su yi aiki. Saboda haka tuƙinsu iri ɗaya ne a tushe: ka gama birkinka tun kana miƙe, ka shiga a hankali, ka riƙe totur ɗan kaɗan a tsakiya, ka fita da wuta. Ka kuma kiyayi sauke giya da wuri in da hannu kake canzawa, don injin zai riƙe tayoyin baya kamar an ja birkin hannu.

Yanzu saiti. Kafin komai, duk wani saitin da ka gani a YouTube, duba ranar da aka ɗora shi. A watan Yulin 2024 Polyphony Digital, kamfanin da ya yi gem ɗin, sun fito da sabuntawa ta 1.49 wadda ta sauya yadda taya da sifirin ke aiki a gem ɗin. Lambobin da suka girmi wannan rana ka ɗauke su a matsayin tarihi.

A dukkan motocin biyu, abin da zan fara saya shi ne LSD wanda ake iya saitawa, wato na'urar da ke taƙaita bambancin juyi tsakanin tayoyin baya biyu, ba ƙarin ƙarfin inji ba. Layuka uku ne a cikinsa. Na ukun, na lokacin birki da sakin totur, shi ne abokinka: ka ɗaga shi, zai ɗaure tayoyin baya biyu su yi tafiya tare, motar ta daina son juyawa a bakin kwana. Kana ƙarawa kana gwadawa, har ka ji hancin ya fara gardama, sai ka dawo baya kaɗan. Layi na biyu, na lokacin ba ta wuta, a nan suka sha bamban. A Alpine ina barinsa tsaka-tsaki, domin ƙarfinta bai isa ya ɓalle tayoyi biyu lokaci guda ba. A 930 ƙasa nake yi da shi. Gara tayar ciki ta ɗan yi karta ita kaɗai idan turbo ya tashi, ka yi asarar ɗan lokaci, da a ce biyun su saki tare ka tsinci kanka kana kallon inda ka fito.

Bayan LSD sai rabon birki, wanda ke tafiya daga -5 zuwa 5. Ka matsa da shi gaba, -1 ko -2. Alpine -1 ya ishe ta, don gabanta ba shi da nauyin da zai ɗauki fiye da haka. Sai sitabilaiza: ta baya ta fi ta gaba laushi. Sai alaimen ɗin baya, bakin tayoyin ya ɗan kalli ciki. A Alpine ina sauke ta ƙasa kaɗan in ƙara wa tayoyin baya kwanciya. In ka ga hotunan ta gaske za ka lura tayoyin bayanta kamar masu gwame suke, da gangan aka yi, saboda irin aksul ɗin da ke ƙarƙashinta. Shokozoba kuwa ka ƙyale shi tukuna. Na ɓata sati guda a kansa a 930, abin da na samu bai kai kuɗin man janareto ba.

Maganar ɗora nauyi a gaba, wadda na ga wasu sun riga sun ba ka shawara. Gem ɗin ya yarda ka sa har kilo 200, ka tura shi can gaba zuwa -50. Ba haramun ba ne, Porsche da kansu sun taɓa cusa ƙarfe mai kilo 11 a kowane gefe na bambar gaba a 911 na farko-farko, kafin a ƙirar 1969 su ƙara tazarar tayoyi da milimita 57 su kuma kai batir biyu gaba. A 930 kilo 40 ko 50 na taimakawa, hancin ya fi cizon kwalta. A Alpine kuwa kilo 50 kusan kashi 7 cikin ɗari na dukan motar ne, ka kashe abin da ka saye ta dominsa. Wanda ya loda kilo 200 kuma, ban san me ya kawo shi layin masu inji a baya ba, da ya sayi BMW ya huta. Haka nan dabarar sa taya mai laushi a baya da mai tauri a gaba: tana hana juyi, gaskiya ne, amma motar za ta koma tafiyar kurar ɗan garuwa, sai ka yi da gaske kafin ta sha kwana.

Abu biyu na 930 ne ita kaɗai. Kar ka sa mata turbo na babban juyi, ƙara wa gyambo gishiri ne. Ka sayi giyabos da ake saitawa, ka matse giyoyin kusa da juna yadda allura ba za ta riƙa faɗowa ƙasa da 4,000 ba. Idan turbo yana farke tun kafin ka buƙace shi, ba zai yi maka bazata ba. TCS kuma, mai hana taya karta, daga 0 zuwa 5 yake: a Alpine kashe shi tun ranar farko, a 930 fara da 2, ka sauko 1, ranar da ka ji ka isa ka kashe. Amma ka sani shi totur kawai yake tsarewa, juyin da sakin totur ke jawowa ba ruwansa da shi.

Da pad kake bugawa, na sani. In har yanzu X ne toturinka, irin sabon da muka taso da shi a gidajen gem, mayar da shi R2, birki L2. Maɓallin da bai san komai ba sai kunnawa da kashewa ba zai tuƙa waɗannan motoci ba.

Wajen gwaji, filin tsere na Tsukuba. Kilomita 2 ne da ɗan ɗori, minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ka zagayo, kuma doguwar kwanar ƙarshe za ta tona asirin yatsanka: in ka saki a tsakiyarta za ka gani. Canza abu ɗaya, yi zagaye biyar, rubuta lokacin a takarda, sannan ka taɓa na gaba. Filin Nürburgring mai kilomita 20.8 ka bar shi sai ka yi zagaye goma a jere a Tsukuba ba tare da ka taka ciyawa ba.

Ka lura wajen saye kada suna ya ruɗe ka. Akwai wata Alpine A110 ta 2017 a gem ɗin, ita injinta a tsakiya yake, ba za ta koya maka wannan darasi ba. Haka 911 RSR ta 2017 da ake tsere da ita a rukunin Gr.3, sunan 911 ne amma an dawo da injin gaban aksul. Ta 1972 kake nema, a shagon motocin da aka yi amfani da su, kuma ba kullum take fitowa ba, ana juya kayan ne. In ka leƙa ba ka gan ta ba, riƙe kuɗinka. Ranar Asabar bayan la'asar ina gida, tawa tana gareji, ka taho da pad ɗinka don nawa na biyun R2 ɗinsa ya saki.