Kwarangwal ɗin roba mai santimita 85: yadda yake nuna motsin gaɓoɓi

Na sayi wannan kwarangwal ne domin in riƙa nuna wa ɗalibaina yadda gaɓoɓin jiki suke motsi, saboda zanen allo ba ya lanƙwasuwa, kuma yaro yakan haddace sunan motsi ba tare da ya san a wace mahaɗa yake faruwa ba. Tsayinsa kusan rabin na babban mutum ne, yana tsaye a kan sandar ƙarfe, kuma ana iya kwance hannuwansa da ƙafafunsa. Yau wata huɗu ke nan ina aiki da shi.

Inda ya fi burge ni shi ne hannu, daga gwiwa zuwa wuyan hannu. Gwiwar hannu tana naɗewa tana miƙewa ta fuska ɗaya kawai, kamar yadda ƙofa take buɗewa da rufewa, kuma idan an miƙe ta sai ta tsaya cak, domin ƙashin da muke dogara da shi a kan tebur yana faɗawa cikin wani ɗan rami a bayan ƙashin damtse. A jikin mutum naɗewar tana kaiwa kimanin digiri 145, na robar ma bai gaza haka da yawa ba. Abin da ya fi wannan amfani shi ne juyin tafin hannu. Ƙasusuwa biyu ne a sangalin hannu, kuma idan aka kifa tafi, wanda yake ɓangaren babban yatsa yana haurawa kan ɗan'uwansa su gitta juna, idan aka juyo da tafin sama kuma su koma su jeru. Ranar da na fara nuna wannan, wata ɗaliba ta kama gwiwar hannunta ta yi ta juya tafinta tana kallo, sai a lokacin ta yarda cewa ba a wuyan hannu juyin yake ba.

Kwatangwalo ma ba laifi. Kan ƙashin cinya mulmulalle ne yana zaune cikin kwarminsa, don haka ƙafar tana zuwa gaba da baya, tana buɗewa gefe ta dawo, tana kuma kewayawa, ko da yake notin da ya riƙe ta yana saki bayan 'yan kwanaki sai an sake ɗaure shi.

A kafaɗa ne kwarangwal ɗin yake koyar da kuskure, kuma wannan ba ƙaramin aibi ba ne ga kayan koyarwa. An ɗaure allon kafaɗa a jikin haƙarƙari da sukuru, ba ya ko gezau. A jikin mai rai kuwa, idan mutum ya ɗaga hannunsa ta gefe har ya kai digiri 180, kimanin digiri 120 ne kawai suke fitowa daga mahaɗar kafaɗar, sauran 60 ɗin allon ne yake juyawa a kan haƙarƙari ya cike su. Ɗaga kafaɗa sama da sauke ta, da turo ta gaba, duk ba su samuwa a nan. Dole na sa wani yaro ya juya wa aji baya ya ɗaga hannu a hankali, sauran suna kallon allon yana zamewa a ƙarƙashin rigarsa.

Haka nan yatsu da ƙananan ƙasusuwa 8 na wuyan hannu an zarge su da waya sun sandare, saboda haka babban yatsa ba ya iya zuwa ya taɓa kan ɗan ƙaramin, alhali da wannan motsi ne muke riƙe alƙalami da allura. Wuya ma ba ya waiwaye, duk da cewa kusan rabin waiwayen mutum yana faruwa ne tsakanin ƙashin wuya na farko da na biyu. Muƙamuƙi yana da sifirin, yana buɗewa yana rufewa, amma ba ya zuwa gefe kamar yadda yake yi wajen tauna.

Ga malamin firamare ko ƙaramar sakandare, ina ganin ya isa. Ɗalibin aikin jinya ko na gashin ƙashi kuwa gara ya nemi samfurin kafaɗa shi kaɗai, irin wanda aka yi masa jijiyoyin roba, ya haɗa da wannan.