Hoton PET-CT: yana cin kuɗinsa, in an kiyaye sharuɗɗa

PET-CT, wato hoton PET da na CT a haɗe, na cikin hotunan asibiti mafi tsada, amma ga mai ciwon daji na huhu ko na ƙululun jiki, kuɗin bai tafi a banza ba. CT siffar ƙari kawai take nunawa. PET kuwa tana nuna ko ƙarin na nan da ransa.

Ana yi wa majiyyaci allurar FDG ta jijiya, wato sikari da aka maƙala wa fulorin-18, wani sinadari mai fitar da radiyeshon. Ƙwayoyin daji akwai kwaɗayin sikari, sai su kwashe shi. Fulorin ɗin na sakin fositiron, kishiyar ilektaron, wanda da wuya ya wuce milimita biyu cikin tsoka bai ci karo da ilektaron ba. Suna haɗuwa sai su ɓace ɓat, nauyinsu ya koma haske biyu irin wanda ake kira gamma, kowanne mai ƙarfin 511 keV (ma'aunin ƙarfinsa ke nan), ɗaya ya yi gabas ɗaya yamma. Zoben na'urar da ke kewaye da majiyyaci ba ya ƙirga su sai sun faɗo ɓangarori biyu masu fuskantar juna a lokaci guda, daga nan kwamfuta ke gano inda suka fito.

Matsalar farko lokaci ne. Duk minti 110 ƙarfin fulorin-18 na raguwa da rabi, don haka cibiyar da ba ta da injin haɗa maganin a kusa, jinkirin jirgin da ke kawo shi ko lalacewar injin kan sa a ɗage ranar. A tambayi wannan kafin a biya.

Sauran yana hannun majiyyaci. Azumin awa 6, ruwa zalla kawai. Idan sikarin jini ya haura 200 mg/dL, shi da maganin za su yi rububin shiga ƙwayoyi, hoton ya dushe. Bayan allura a kwanta shiru minti 60, ba hira ba taunar cingam, domin tsokar da ta motsa za ta ja maganin, ta haska a hoton. Sanyin ɗaki ma na haska kitsen wuya, a nemi bargo.

Abin da ya fi damun masu karanta hoton shi ne ba duk haske ne daji ba. Tarin fuka na haskawa tamkar daji, kuma a ƙasashenmu ba baƙon ciwo ba ne, shi ya sa ba a yanke hukunci sai an ciri tsoka an gwada. Ƙari ƙasa da santimita ɗaya kan iya kuɓucewa, dajin firostet (wata gaɓa a ƙarƙashin mafitsarar maza) kuma ba ya jan FDG sosai, gara a nemi na PSMA, wato hoton PET da ake yi da wani maganin daban mai kama wannan dajin.