React, Vue ko Laravel: abin da na gani a wayoyin iyayen yara a Zariya

Aikin da na karɓa ba wani babba ba ne, shafi ne kawai da iyayen yara za su shiga su duba sakamakon jarabawa da ragowar kuɗin makaranta, na wata makaranta mai zaman kanta a Tudun Wada. Amma wallahi wata shida na yi ina juya shi, na gina shi da firemwok (wato kayan aikin da ake ɗora ginin shafin intanet a kai) uku daban-daban kafin hankalina ya kwanta, shi ya sa na ce bari in faɗa wa 'yan uwana masu rubuta kod abin da na gani.

Da React na fara, don shi kowa ke magana a kai, duk yaron da ka haɗu da shi a Samaru riƙe da laptop React yake koyo. Facebook ne suka fitar da shi a 2013, kuma gaskiya ban ga laifin masu son shi ba, yadda kake yanka shafi gunduwa-gunduwa ka ɗauki kowace gunduwa ka sake amfani da ita a wani wuri abu ne mai daɗin aiki, ga taimako ko ta ina, duk matsalar da ka buga ka tarar wani ya riga ka shiga ya fita. A kwamfutata komai sumul yake tafiya.

Ranar da muka gwada a ofishin hedimasta sai ga wani dattijo ya zo karɓar sakamakon jikarsa, Malam ya ce to ga dama ta samu, Baba ya gwada da wayarsa. Ya ciro 'yar ƙaramar waya daga aljihun babbar riga, gilashin ya tsage ta gefe, ya buɗe Opera Mini, na rubuta masa adireshin. Fari fat. Muka jira, ya ɗaga wayar sama wajen taga ko netwok ne, har yanzu fari. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, ko dai datar tawa ce ta ƙare?" Na ce a'a Baba, datarka lafiya lau, gyara ne daga wajena. Abin ya tsaya min a rai sosai, don saboda irinsa aka yi shafin.

Da na koma gida na bincika sai na gane ba laifin React ba ne, ba kuma na Opera ba, kowanne aikin da aka tsara shi yake yi. React idan ka bar shi yadda ya zo, kusan fankon shafi yake turo wa waya, sai JavaScript, kod ɗin da ke gudu a cikin burauza, ya sauka ya tashi sannan ya zana komai, shi kaɗai ma ya haura kilobait 40 bayan an matse shi, ban da naka kod ɗin. Shi kuma Opera Mini idan yana kan tsarin matse data sosai, ba a wayar ake buɗe shafin ba, a sabar kamfanin, wato babbar kwamfutarsu, ake buɗewa a matse a turo maka, JavaScript ɗin ɗan lokaci kaɗan ake ba shi. Mutanenmu kuwa suna son wannan burauza ne don tana musu tattalin data, ba za ka ce wa dattijo ya canza ba.

Sai na koma Vue, wanda Evan You ya fitar a 2014. Na fi jin daɗin rubuta shi, HTML da CSS da JavaScript duk a fayil ɗaya a jere, ko ɗalibin da ya fara jiya zai karanta ya gane. Amma matsalar Baba tana nan yadda take, tunda shi ma a cikin burauza yake zana shafin. Vue 3 ya daina aiki da tsohuwar burauzar Internet Explorer 11, React 18 ma haka, wannan bai dame ni ba tunda Microsoft da kansu sun rufe babin burauzar a watan Yunin 2022.

Inda na ƙara shan mamaki shi ne a kafe. Iyaye da yawa can suke zuwa a buga musu sakamako a takarda, to na shiga wani kafe a Kongo in gwada, sai na ga launuka sun ɓace, maɓallai sun koma wani iri. Ashe kwamfutocin Windows 7 ne a kansu, Chrome kuma daga 109 ya tsaya a Windows 7 ba ya ƙara gaba, ni kuma na sa Tailwind 4, kayan ƙawata shafi, wanda yake buƙatar Chrome 111 zuwa sama. Tazarar lamba biyu kacal. Na dawo Tailwind 3.4 komai ya daidaita. Dan Allah duk mai yi wa mutanen gari aiki ya riƙa leƙa caniuse, shafin da ke nuna abin da kowace burauza ke iya ɗauka, kafin ya ɗauki sabon abu.

Hedimasta kuma iPhone ke hannunsa, duk lokacin da ya taɓa gurbin rubuta lambar ɗalibi sai shafin ya zuƙo ya yi girma, ashe Safari haka yake yi idan rubutun gurbin bai kai fiksel 16 ba. Wannan gyaran minti biyu ne. Haka ƙ da ɗ da ɓ, font ɗin da na fara ɗauka ba shi da su, sunayen yara suka riƙa fitowa da harafi ɗaya ya bambanta da sauran, sai da na sa Noto Sans.

Na san wani zai ce ai da Next.js ka ɗauka, wanda aka gina a kan React, yana haɗa shafin tun daga saba. Haka ne, na duba shi, amma yana son sabar Node, makarantar kuma ƙaramin hostin mai cPanel suka biya na shekara, PHP ne ke gudu a kai ba tare da wahala ba. Shi ya kai ni ga Laravel na Taylor Otwell, tun 2011 yake nan. Blade, ɓangaren Laravel mai tsara shafuka, yana haɗa HTML ɗin gaba ɗaya a saba ya turo shi a gama, fom na gargajiya, ka cika ka danna ya tafi, ga kariyar fom da hulɗa da rumbun bayanai duk a ciki ba sai ka je kana tsintowa ɗaya bayan ɗaya ba. Rauninsa shi ne duk dannawa sai shafi ya sake lodi, malamai masu shigar da makin yara sittin za su gaji, don haka ɓangarensu kaɗai na bar wa Vue tunda su da kwamfutar ofis suke aiki.

Ƙarshen zangon da ya wuce na tsaya a bakin get ina kallo, Baban nan ya zo, ya buɗe Opera Mini ɗinsa, sakamakon jikarsa ya fito har da sharhin malamin aji, ya miƙa wa na kusa da shi ya karanta masa. Yanzu na sayi tsohuwar waya irin tasa a Sabon Gari tana kan teburina kusa da laptop, hutun nan da ita zan gwada wani firemwok ɗin mai suna Svelte in ga yadda zai yi.