Alfa Romeo 166 ko Lancia Thesis: Wadda Zan Ɗauka da Abin da Zan Duba

Malam, ka tambayi wadda za ka ɗauka tsakanin motocin biyu da aka yi maka tayi, Alfa Romeo 166 da Lancia Thesis: ka ɗauki 166, matuƙar mai injin V6 ce kuma giyarta ta hannu. Tawa ƙirar 2001 ce, mai lita 3.0, kuma shekara 6 ke nan tana hannuna. Ranar da na fara kai ta Jos, da muka fara hawan tsauni na sauke giya zuwa ta huɗu, sai injin ya saki wata murya mai kauri, har mahaifina da ke gefena, wanda ya yi rayuwarsa a tuƙin manyan motoci, ya kashe rediyo da hannunsa domin ya saurara. Wannan shi ne injin da Giuseppe Busso ya tsara, wanda aka riƙa ƙerawa a Arese kusa da Milan har ƙarshen 2005, kuma idan ka ɗaga bonet za ka ga bututu shida masu sheƙi a jere kamar an goge azurfa.

Ita Lancia Thesis tana da faɗin ciki da laushin kujera, ban hana ta wannan ba, kuma mai V6 ɗinta injin nan ne dai. Sai dai wajen 16,000 kawai aka ƙera, shokozobanta da birkin ajiyewarta duka na lantarki ne, kuma ranar da ɗaya ya mutu za ka zaga Panteka da Ƙofar Ruwa ka dawo hannu rabbana.

Abu na farko da za ka nema a 166 shi ne shaidar ranar da aka canza bel ɗin taimin. Idan ya tsinke inji na aiki, fistin zai daki bawul, kuma bawul 24 ne a ciki, don haka gyaran yakan kusa cinye kuɗin motar. Ni ina canza nawa duk shekara 4 ko kilomita 60,000, tare da famfon ruwa, domin farfelar na asali ta roba ce kuma takan tsage. Idan babu rasit, ka ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗin aikin daga farashi, sannan ka tabbata bakanikenka yana da ƙarafan da ake kulle kamshaf da su, domin wannan inji ba a saita shi da ido.

Bayan haka ka durƙusa ka cusa hannu ƙarƙashin kafet na gaba, kusa da tsakiyar dashbod. Ƙaramin lagireton hita na wannan mota yakan yi yoyo, kuma a mai giyar otomatik ruwan kan ɗiga ne a kan kwamfutar giya, wadda samunta ke da wuya ƙwarai. Danshi, ko wari mai zaƙi-zaƙi, ko gilashin da ke yin hazo daga ciki, duk alama ce, kuma wannan ne dalilin da ya sa na ce ka nemi ta hannu. Ka kuma bi da ita ta hanya mai gargada da tagogi a buɗe; ƙwanƙwasa daga gaba na nufin hannuwan sama na ƙafafun sun gaji. Motar tana da ƙasa, saboda haka ka leƙa ka ga ko kaskon baƙin mai ya sha duka.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai. Wani ya taɓa nuna mini 166 mai injin Twin Spark, wato mai silinda huɗu, da sassafe, na taɓa bonet na ji ɗumi, ashe ya tayar da ita tun kafin in iso domin ya ɓoye ƙarar da take yi kamar ta dizal idan ta kwana. Ka ce a bar maka ita da sanyinta. Ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilun gargaɗi na inji da na birkin ABS da na jakar iska sun kama, sannan ka tayar ka ga duk sun mutu, domin akwai masu cire ƙwan fitilar gaba ɗaya. Ka gwada kilomitan da ke allo da yadda sitiyari da feda suka suɗe, ka kuma daidaita lambar shasi da takardun kwastan kafin ka ba da ko kafin alƙalami.