Silo ya ƙi sauka: me za ka fara saya kafin ka taɓa bakin injekta?

Motar da ta yi zafi, ta tsaya ba a taka totur ba, allurar da ke nuna juyin injinta kan zauna ne tsakanin 600 zuwa 800, wannan shi ake kira silo. Da sanyin safiya tana iya hawa 1,200 ko 1,500 na 'yan mintoci sannan ta sauko, wannan ba ciwo ba ne. Ciwon shi ne ka taso daga Arkilla, ka iso shataletalen Gawon Nama, injin ya gasu, amma allura na nan a 1,500, ka sa giya motar ta zabura kamar doki ya ga linzami, mai kuma yana ta zurarewa.

Da ka kai gareji, maganar farko da za ka ji ita ce a canza bakin injekta, wanda wasu ke kira totur-bodi, wato ƙofar da iska ke bi ta shiga inji, mai faifan da ke buɗewa in ka taka totur. Shi ne ya fi komai tsada a cikin abin da ake zargi, kuma shi ya kamata ya zo ƙarshe. Ni na saya, shi ya sa nake faɗa.

Corolla ce ƙirar 2004 na saya hannu na biyu. Silonta ya ƙi sauka da hunturu, aka ce bakin injekta ne, na biya na Beljiyam, wato na hannu da aka kawo daga waje, aka ɗaura. Washegari da asuba allura ta koma inda take. Sai da wani ƙanena ya zo da 'yar na'urar karanta kwamfutar mota muka ga zafin ruwa yana yawo a digiri sittin da 'yan kai bayan mun je Kwannawa mun dawo. Aka kwance gidan tamostat, bawul ɗin da ke tsare ruwa kada ya je lagireto sai inji ya yi zafi, wayam, babu komai ciki. Fankar lagireto kuma an haɗa ta kai tsaye, da ka murɗa makulli take tashi. Na tambayi bakanike, ya ce, "Yallaɓai, ga zahin Sakkwato wa ka barin tamostat?"

To ga abin da ke faruwa. Birenbos, wato kwamfutar mota, na duba zafin ruwa ne ya yanke yawan iska da man da zai ba inji. Tamostat ɗin irin wannan injin yana buɗewa wajen digiri 82. Idan an cire shi, fanka kuma tana hurawa ba hutu, a watan Afrilu da zafi ke wuce 40 ba lallai ka lura ba. Amma Disamba da Janairu injin ba ya kai zafin aikinsa, sai birenbos ya ɗauka har yanzu ɗumama ake, ya riƙe silo sama, ya ƙara mai. Saboda haka duk motar da aka yi wa gyare-gyare, ko an sauya inji, ko an cire indomin salansa mai tace hayaƙi, ko an sa mata buɗaɗɗen matacin iska, ko an mai da ita gas, tambayar farko ita ce me aka taɓa, kuma yaushe silon ya fara hawa.

In ka ce in zaɓa maka abu ɗaya, na'urar nan zan ce. Ƙananan da ake kira ELM327 suna haɗuwa da waya ta Bluetooth, ka sauke manhaja irin Torque. Ana cusa ta a soket mai rami 16 da ke ƙasan sitiyari. Motocin Amurka daga 1996 duk suna da shi, na Turai masu fetur daga 2001. Za ta nuna maka lambar matsala: P0507 na nufin silo ya wuce yadda birenbos ke so, P0171 iska ta fi mai yawa, P0128 ruwa bai kai zafin da ya kamata ba. Ta kuma nuna zafin ruwa, da buɗewar totur, da yawan man da birenbos ke ƙarawa don cike giɓi. Wannan na ƙarshe ya fi amfani: idan a silo yana ƙara sama da kashi 10 cikin ɗari, amma da ka taka zuwa 2,500 ya ragu, iska ce ke satar hanya. Aibinta, jabu sun yi yawa, wasu ba sa magana da kowace mota, don haka gwada a motarka kafin ka biya. Sannan karatu da goge lambar matsala ne yawanci iyakarta. Babbar kwamfutar masu wayarin ita ke iya umartar birenbos ya sake koyon silo, kuma wanda mota ɗaya gare shi gara ya biya kuɗin dubawa da ya sayi irinta.

Bayan ita sai tiyon iska da gaskit, masu arha da aka fi rainawa. Zafin garin nan yana busar da roba ta tsage, musamman tiyon da ke zuwa tukunyar da ke ƙara wa birki ƙarfi (servo) da wanda ke fitowa daga murfin inji. Motar da aka sauya wa inji kuwa sau da yawa za ka tarar da wani bututu a jikin manifol, wanda ke raba wa inji iska, an toshe shi da kusa ko an naɗe da leda. Ka kasa kunne, za ka ji tana shan iska kamar mai kurɓar kunu da zafi. Kada ka yarda a sa maka tiyon ruwa ko na janareto, zai lotse ko ya narke. Nemi mai kauri wanda aka yi don inji. Gaskit kuma sabo, ba a shafe tsohon da gam ba. Injin 1ZZ na Corolla an san shi da zubar iska ta gaskit ɗin manifol idan gari ya yi sanyi, roba ce siririya, kuɗinta bai kai na cika rabin tanki ba.

Tamostat da sansar zafin ruwa, a nan ban ga dalilin sayen na Beljiyam ba. Sayi sabo mai sunan kamfani, ka duba lambar digirin da aka buga a jikinsa, a kuma mai da fanka kan rilenta. Mai shakkar tamostat ya jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta, zai ga ya buɗe kafin ruwan ya tafasa. Sansar kuma mita ke tona ta: wajen om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, ta sauko kusan 300 a digiri 80. In an gama a fitar da iskar da ta maƙale a lagireto, domin tsofaffin Honda ita kaɗai kan sa silo ya dinga hawa da sauka.

Gwangwanin feshi na wanke totur yana da amfani, ƙurar hunturu da tururin baƙin mai suna haɗuwa su yi kauri a bakin faifan. Amma akwai tarko biyu. Na farko, ba a fesa shi a sansar iska da ke bayan mataci. Ita tana da nata feshin, waya ce siririya a ciki da ba ta son a taɓa. Na biyu, motocin da totur ɗinsu na lantarki ne, ba na kebur ba, sun saba da dattin, da an wanke sai silo ya tashi har sai an sake koya musu. Nissan ta yi suna a wannan. A Honda da yawa ana riƙe inji a 3,000 har fanka ta tashi, sannan a bar shi a silo minti biyar ba eyasi ba fitila. Mutane da dama sun sayi sabon bakin injekta a daidai wannan gaɓar, alhali nasu lafiya lau yake.

Idan duk an bi waɗannan aka ga lallai bawul ɗin silo, wanda ke sakin iska in ba a taka totur ba, shi ne ya maƙale, masu kebur kaɗai ke da shi daban, kuma sau da yawa wanki ya ishe shi. In sayen bakin injekta ya zama dole, zaɓi uku ne. Sabo na asali ya fi, sai dai tsada da wahalar samu. Sabo marar suna a kwali mai ƙyalli, ni dai ba na so, na ga wanda bai kai sallah ba. Na Beljiyam na asali shi ne tsaka-tsaki, da sharaɗi: ka je da naka, a jera su, lambar jiki ta zo ɗaya, soket ya zo ɗaya. Motar da aka sauya wa inji, lambar da ke jikin injin da birenbos za ka bi, ba shekarar da ke takardar mota ba, don Corolla ta Amurka daga 2005 totur ɗinta na lantarki ne, na 2004 ba zai hau ba. Ɗaga shi ka haska da fitilar waya: faifan ya rufe ruf in na kebur ne, sandarsa ba ta girgiza, ƙaramin sukurun da kamfani ya ɗiga wa fenti ba a murɗa shi ba. Ka kuma yi yarjejeniya da mai shago a gaban shaida cewa in bai yi ba cikin kwana biyu za ka dawo da shi.

Nawa na Beljiyam yana nan a but cikin leda. Na mai da tsohon, aka sa tamostat, allura ta zauna a 700.