Kambas ɗin gwanjo da na saya don gudun famfalaƙi

Jama'a wallahi kambas ɗin Asics na gwanjo da na saya a kasuwar Wudil ran wata Juma'a ya biya ni. Gudun Legas na watan Fabrairu nake shiri, kilomita 42 ba wasa ba ne, kullum bayan asuba hanyar gona nake bi, ga yashi ga burji ga ƙarangiya, wata 3 kenan ko ɗinki bai saki ba. Mai kayan ya ce min "ƙanina ɗau wanda ya ɗara ƙafarka kaɗan, ƙafa kumbura take in gudu ya yi nisa", kuma gaskiyarsa, farcena ya daina baƙi. Matsalarsa dai ƙurar hunturu, ta ragar sama take shiga, kullum sai na wanke safa.